Wane Gari Ne Madubin Hausa? Daga Kano Zuwa Briqueterie

Duk ɗalibin da ya shiga nazarin Hausa, ko ba daɗe ko ba jima, zai ci karo da wannan tambaya: in baƙo ya ce a nuna masa gari guda inda zai ga Hausawa da al'adunsu yadda suke, ina za a kai shi? Galibi za a ce Kano, ba tare da dogon tunani ba. Amsar tana da hujjojinta, sai dai tana da tarihi, kuma tarihin bai kai tsufan da ake zato ba.

Ba mu kaɗai muka taɓa irin wannan neman ba. A 1924 wasu masana zamantakewa biyu, Robert Lynd da matarsa Helen, suka tashi neman garin da zai wakilci rayuwar Amurka. Suka zaɓi Muncie a jihar Indiyana, suka ɓoye sunansa, suka fitar da littafin Middletown a 1929. Cikin dalilansu na zaɓen garin har da ƙarancin baƙaƙen fata da baƙin haure. Wato kafin su sami "Amurka ta ainihi" sai da suka ajiye wasu Amurkawa a gefe. Wannan shi ne abin lura duk lokacin da aka ce gari kaza shi ne madubi: wa ya riƙe madubin, kuma wa aka bari a bayansa?

Magabatanmu dai ba su ɗora wa gari ɗaya wannan nauyi ba. Labarin Hausa Bakwai, ko da an ɗauke shi a matsayin almara, raba aiki ya yi. Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Daura ce ke da tutar asali, saboda rijiyar Kusugu da Bayajida. A wannan rabo, rini aka bai wa Kano. Kasuwa ta wasu ce.

Har tsakiyar ƙarni na 19 ma Kano ba ta gama lashe gasar ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ga Kano cike da fatake da masaƙa da marina, ya ga Katsina ta zama kango a kan yadda take a da. Duk da haka ya rubuta cewa a Katsina ne harshen Hausa ya fi wadatar sigogi da daɗin lafazi. Jihadin da aka fara a 1804 shi ya juya al'amura. Sarakunan Haɓe na Katsina suka ƙare a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, na Zazzau a Abuja, wadda yau ake kira Suleja. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Katsina da Maraɗi suka kori fatake zuwa kudu, Kano ta ci moriya. Saboda haka mai son ganin tsarin sarautar Hausa na kafin jihadi, da muƙaman mata irin su Iya a Maraɗi da Inna a Gobir, sai ya ƙetare iyaka zuwa Nijar. Abin mamaki kuma, Hausar da ta fara shiga littattafan Turai da yawa ta bakin Dorugu ta fito, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila, wanda J. F. Schön ya rubuta labaransa. Dorugu kuwa ɗan ƙasar Damagaram ne.

Mulkin mallaka ne ya ƙarasa naɗa Kano. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, garin ya zama mahaɗar Arewa. Da aka zo batun rubutun boko, sai aka ɗauki karin Kano a matsayin ma'auni. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yakan sa alama a kan kalmar da ta zama ta Katsina ko ta Sakkwato. Ta Kano ba ta bukatar alama. Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, duk suka bi wannan turba. Sai a lura cewa a Zariya ake buga littattafan, kuma Abubakar Imam, wanda alƙalaminsa ya fi na kowa tasiri a kan wannan Hausa, haifaffen Kagara ne da ya yi karatu a Katsina. Daga baya adabin kasuwar Kano da finafinan Kannywood suka kai karin har ɗakunan da littafi bai taɓa shiga ba.

Nan ne ɗalibi ya kamata ya yi hattara. Daidaitacciyar Hausa ba ita ce mafi tsufa ba. Basakkwace yana cewa sabka da zamna da amre, Bakano yana cewa sauka da zauna da aure. Masana tarihin harshe sun nuna cewa na farkon su ne tsofaffin sigogi, Kano ce ta sassauta baƙin ya koma wasali. Ke nan yaron Gusau ko na Tawa da malami ya ja wa jan biro a kan zamna, da Hausar kakannin malamin ya rubuta. Bin ƙa'ida a rubutu wajibi ne, domin da ita mutumin Agadas ke karanta abin da mutumin Bauchi ya rubuta. Kiran sauran kare-karen "kuskure" ko "ƙauyanci" kuwa jahilci ne, ko da daga bakin mai digiri ya fito.

Yanzu mu bar ƙasar Hausa baki ɗaya mu gangara kudu, zuwa Yawunde, babban birnin Kamaru. In ka tambayi mutumin wannan birni inda Hausawa suke, ba zai ambaci Kano ko Daura ba. Zai nuna maka Briqueterie, unguwar da ke kusa da tsakiyar gari, wadda matasa ke taƙaita sunanta su ce la Brique. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin jan bulo, saboda masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin Jamusawa. Su kuwa Ewondo, masu ƙasar, Ekoudou suke kiran wurin.

Yadda Hausawa suka kai can ya biyo bayan jihadin Modibbo Adama a Fombina, wanda aka fara wajen 1809. Da Fulani suka kafa Ngaundere da Tibati da Banyo, fataken Hausa suka bi sawunsu da tufafi da kanwa da duwatsun ado, suna komowa da haure da goro, da bayi kuma, don kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Daga Tibati hanya ta gangara ta Yoko har gaɓar kogin Sanaga. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, kuma ba da jimawa ba fatake suka yada zango kusa da shi, domin barikin soja kasuwa ce: akwai masu bukatar nama da tufa. Bayan an kori Jamusawa a 1916 Faransawa suka karɓi garin, kuma a zamaninsu ne Briqueterie ta tabbata a matsayin unguwar Hausawa, da masallacinta da sarkinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ma'anar kalmar "Bahaushe" a wannan wuri. A kudancin Kamaru, kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Haoussa ake ce masa, ko Bafillace ne, ko Babarbare, ko Balaraben Shuwa. A Briqueterie akwai waɗannan duka, ga mutanen Bamun, ga 'yan Nijar da Najeriya da Chadi da Mali da Senegal. Abin da ya sa maƙwabta ke yi musu kuɗin goro shi ne abin da ido ke gani: babbar riga da hula, kiran salla, telolin da ke aikin wuyan riga, rumfunan atamfa da shadda, da hayaƙin tukubar masu tsire, wanda a can ake kira soya, har ma'aikata daga wasu unguwanni ke tururuwa da yamma dominsa. Jini da asali ba su shiga lissafin ba.

Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya karanta Mahdi Adamu, wanda littafinsa na 1978 ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, ko Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabo ta Ibadan ya fitar da sakamakonsa a 1969. Cohen ya nuna cewa Hausawan Sabo sun ƙara riƙe al'adarsu da hannu biyu ne domin cinikin shanu da goro ya dogara da amana, amana kuma ta dogara da harshe ɗaya da masallaci ɗaya da maigidan da zai saukar da baƙo ya tsaya masa a kan bashi. A Kano mutum ba ya bukatar ya nuna shi Bahaushe ne. A zango dole ya zaɓi abin da zai riƙe da abin da zai saki, kuma wannan zaɓen yana gaya wa mai nazari abin da Hausawa da kansu suka ɗauka shi ne ginshiƙi.

Ba ina cewa Briqueterie ta fi Kano cancanta ba. Ba ta da ganuwa, ba ta da gandu, ba ta da noman gero da dawa, alhali mafi yawan Hausawa manoma ne a karkara. Wanda ke neman wannan sai ya koma ga Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954, ko ga Batagarawa ta Katsina da Polly Hill ta nazarta a littafinta na 1972. Kuma Hausar unguwar tana zaune ne tsakanin Fulatanci da Faransanci da Ewondo, tana aro daga Faransanci a inda Bakano ke aro daga Ingilishi. Manhajojin sassan Hausa a jami'o'inmu kan tsaya a kare-karen Najeriya da Nijar. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar rikoda ya zauna da telolin Briqueterie da mahautanta, ya ji ko har yanzu suna bambanta ya da ta yadda Kano ke yi, ko sun fara sakin jinsi kamar yadda aka ji a zangunan Gana.