Yadda jikokin ƙabilun Choctaw da Creek ke neman asalinsu a cikin tsofaffin rajistocin gwamnatin Amurka

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Tarihinmu na yau zai kai mu ƙasar Amurka, wajen wasu ƙabilu biyu na 'yan asalin ƙasar, waɗanda mutanenmu suka fi sani da Jajayen Indiyawa, wato Choctaw da Creek. Su Creek ɗin suna kiran kansu Muscogee. A yau duk wanda yake son a karɓe shi a matsayin ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙabilu a jihar Oklahoma, ba a sauraron labarin da kakarsa ta ba shi, ba a duba kamanninsa. Abin da ake nema shi ne ya nuna sunan kakansa a cikin wata rajista da ma'aikatan gwamnati suka rubuta shekaru fiye da 100 da suka wuce. Ga yadda aka yi har wannan rajista ta samu irin wannan ƙarfi.

Korar da ta haifar da ƙidaya

Asalin mazaunin Choctaw shi ne yankin da ake kira Mississippi a yau, su kuwa Creek suna Alabama da Georgia. Manoma ne masu garuruwa da shugabanni da majalisu. Da Turawa suka ga ƙasar ta dace da noman auduga sai idonsu ya faɗa kanta. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe Indiyawa zuwa yammacin kogin Mississippi, inda aka keɓe musu wani fili da aka kira Yankin Indiyawa.

Choctaw ne aka fara da su. A watan Satumba na 1830 shugabanninsu suka sa hannu a yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek, suka sallama kimanin eka miliyan 11. Tsakanin 1831 zuwa 1833 aka kwashe mafi yawansu, da dama suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da cutar kwalara. Kafin a tashe su, wani jami'i mai suna Francis Armstrong ya zagaya a 1831 ya rubuta sunayen magidanta da yawan iyalinsu da girman gonakinsu. Wannan ita ce Rajistar Armstrong.

A cikin yarjejeniyar akwai sashe na 14 wanda ya ce duk magidancin da yake son zama a Mississippi ya je ya yi rajista cikin wata 6, a ba shi eka 640. Sai dai wakilin gwamnati da aka ɗora wa aikin, William Ward, ya ƙi rubuta sunayen mutane da yawa da suka zo masa. Wannan ta'asa tasa ta bi jikokinsu har bayan shekara 70, kamar yadda za mu gani a gaba.

Su ma Creek haka aka yi musu. Bayan yarjejeniyar 1832, Benjamin Parsons da Thomas Abbott suka bi gari-gari suna rubuta magidanta, da yawan maza da mata da bayin da ke kowane gida. A 1836 da 1837 sojoji suka tasa ƙeyar mafi yawansu zuwa yamma.

Waɗannan rajistoci biyu suna da amfani ga mai bincike, amma suna da giɓi babba. Sunan maigida kawai ake rubutawa, matar da 'ya'yan sai dai a sa adadinsu. Sunayen kuma na harshensu ne, Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Bayin da suka bi iyayengijinsu

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasu attajiran Choctaw da Creek sun mallaki bayi baƙar fata 'yan asalin Afirka, kuma da su aka yi wannan doguwar tafiya zuwa yamma. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, gwamnatin Choctaw ta goyi bayan 'yan tawayen Kudu, su kuwa Creek suka rabu gida biyu. Da aka gama yaƙi, a 1866 gwamnatin tarayya ta ƙulla sababbin yarjejeniyoyi da ƙabilun, aka haramta bauta. Yarjejeniyar Creek ta ce 'yantattun bayi da zuriyarsu 'yan ƙasa ne masu cikakken haƙƙi kamar kowa. Har garuruwa uku aka kafa musu masu wakilai a majalisar ƙabilar: Arkansas da Canadian da North Fork. Choctaw kuwa sun yi ta jan ƙafa, sai a 1883 suka yi dokar karɓar nasu, shi ma da taƙaitaccen haƙƙi.

Hukumar Dawes

A al'adar waɗannan ƙabilu, ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya. Mutum zai yi noma ya gina gida, amma ba shi da ikon sayar da filin ga baƙo. Wannan ya hana Turawa masu kwararowa samun yadda suke so. Saboda haka a 1893 majalisar Amurka ta kafa hukuma ƙarƙashin tsohon sanata Henry Dawes domin ta shawo kan ƙabilu biyar, wato Cherokee da Choctaw da Chickasaw da Creek da Seminole, su yarda a yanka ƙasarsu a raba wa kowa nasa. Ƙabilun suka yi ta turjiya. A 1898 majalisa ta zartar da dokar Curtis, wadda ta rushe kotunan ƙabilu ta kuma bai wa hukumar ikon tsara rajista ko sun so ko sun ƙi.

Ba a raba fili sai an san su wa za a ba. Hukumar ta buɗe babban ofishinta a garin Muskogee, ma'aikatanta suka riƙa fita da tantuna da tafintoci suna kafa sansani, mutane na zuwa ana yi musu tambayoyi bisa rantsuwa. Kimanin mutum 250,000 suka nemi shiga daga ƙabilun biyar, aka karɓi kimanin 101,000. An rufe rajistar a ranar 4 ga Maris 1907, sai wasu 312 da majalisa ta ƙara a 1914. A watan Nuwamba na 1907 ɗin Oklahoma ta zama jiha. Sunan jihar ma daga harshen Choctaw aka samo shi, ma'anarsa jajayen mutane.

Rajistar kashi-kashi ce. Akwai 'yan ƙasa ta jini, akwai 'yantattun bayi, akwai jarirai da ƙananan yara da aka haifa ana cikin aikin. A ɓangaren Choctaw akwai Turawan da suka shigo ta hanyar aure, da kuma 'yan Choctaw na Mississippi. Kashin da aka sa mutum shi ne ya yanke abin da zai samu. Ɗan Choctaw ta jini ya samu fili daidai da darajar eka 320, 'yantaccen bawan Choctaw kuwa eka 40 kacal. A wajen Creek kowa eka 160 ya samu, har da 'yantattun bayi.

Abin da ke cikin katin

Kowane gida an buɗe masa kati guda. A katin 'yan jini za ka ga suna da shekaru da jinsi, da dangantakar kowa da maigida, da sunan uwa da uba, da gwargwadon jinin ƙabila da aka ce mutum yana da shi, ko cikakke ko rabi ko kwata. Katin Creek yana nuna garin da mutum ya fito, kamar Coweta ko Tuckabatchee, kuma a al'adarsu ɗa garin uwarsa yake bi. Mai binciken da bai san wannan ba zai ɓata lokaci yana bin layin uba.

Katin 'yantattun bayi daban yake. Babu gurbin jini a cikinsa. A maimakon haka an rubuta sunan wanda ya mallaki mutumin a zamanin bauta, a bayan katin kuma sunayen iyayensa da na iyayengijinsu. A nan ne babban zalunci ya faru. Akwai mutane da yawa da ubansu ɗan Choctaw ne ko Creek, uwarsu baiwa. Da yake ana bin matsayin uwa, sai aka zuba su a kashin bayi, ba a rubuta ko ɗigon jinin ubansu ba. Amma duk da haka, ga baƙar fatar Amurka masu neman asali waɗannan katuna taska ce, domin ƙidayar gwamnati kafin 1870 ba ta rubuta sunayen bayi. A nan kuwa ga suna, ga iyaye, ga gidan da suka yi bauta.

Bayan kati akwai fayil na masu nema da dama, wanda a ciki ake samun tambaya da amsa kamar yadda aka yi su, da takardun aure da shaidar maƙwabta. Abin mamaki, fayil ɗin waɗanda aka ƙi karɓa sau da yawa ya fi kauri, domin su ne suka yi ta kawo shaidu suna lissafa kakanni.

Waɗanda rajista ta tsallake

Rashin suna a rajista ba ya nufin mutum ba ɗan ƙabilar ba ne. Sharaɗin farko shi ne mutum ya kasance mazaunin Yankin Indiyawa, don haka wanda ya koma Texas ko ya zauna a Alabama bai shiga ba. 'Yan Choctaw na Mississippi an ce su kawo hujjar cewa kakanninsu sun cika sharaɗin sashe na 14, wato rajistar nan da Ward ya ƙi rubutawa. Dubban mutane suka nema, kaɗan aka karɓa. Akwai kuma waɗanda suka ƙi zuwa da gangan. Wani shugaban Creek mai suna Chitto Harjo ya jagoranci masu cewa ba su yarda a yanka ƙasar ba, har a 1901 aka tura sojoji aka kama su. Da yawansu an rubuta sunayensu ba da yardarsu ba, da bayanan da wasu suka bayar.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan damfara, Turawan da suka ƙirƙiro kaka Ba'indiya don su samu fili. Choctaw da Chickasaw sun ɗauki lauyoyi, aka kafa kotu ta musamman a 1902 ta soke da'awar mafi yawansu. Lauyoyin sun tashi da ladan dala 750,000.

Shi ma gwargwadon jinin da aka rubuta ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, domin sau da yawa abin da mutum ya faɗa ne ko abin da ma'aikaci ya kintata. Amma ya yi tasiri sosai. Dokar 1908 ta cire takunkumin sayar da fili ga 'yantattun bayi da masu ƙasa da rabin jini, nan take dillalai suka yi musu ca. Ga misalin Sarah Rector, yarinya daga zuriyar bayin Creek da aka haifa a 1902. Filin da aka ba ta duwatsu ne, ba ya noma. A 1913 aka haƙo man fetur a ciki, ganga 2,500 a rana, sai ga kotu ta naɗa Bature ya zama mai kula da dukiyarta. Ita ta tsira da arziki, amma yara da yawa irinta an cinye nasu, kura da shan bugu gardi da ƙwace kuɗi. Masaniyar tarihi Angie Debo ta tona wannan wawaso a littafin da ta fitar a 1940.

Yadda ake binciken a yau

Mai neman asali ba ya farawa daga rajista. Daga kansa yake farawa yana komawa baya: takardar haihuwarsa, ta iyayensa, takardun aure da na mutuwa, har ya isa ga wanda yake raye a Yankin Indiyawa tsakanin 1898 da 1907. Ƙidayar 1900 tana taimakawa, domin ta keɓe shafuka na musamman ga Indiyawa. Daga nan sai ya nemi sunan a jerin da Ƙungiyar Tarihi ta Oklahoma ta sa a intanet, ya samo lambar rajista da lambar kati, sannan ya nemi katin da fayil ɗin. Ainihin takardun suna ajiye a reshen ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Fort Worth a Texas. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga suna iri ɗaya a kama. Dole a gwada shekaru da sunayen iyaye da garin zama kafin a ce wannan ne.

Idan sarƙar ta haɗu ba tare da giɓi ba, sai a kai takardun ofishin ƙabilar, na Choctaw a Durant, na Muscogee a Okmulgee. Gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanoni ke tallatawa ba ya maye gurbin wannan, domin ba ya iya nuna ƙabila. Akwai kuma ƙungiyoyin da suka rage a gabas masu nasu ƙa'idojin, kamar Choctaw na Mississippi da gwamnati ta amince da su a 1945, da Creek na Poarch a Alabama a 1984.

Maganar ba ta mutu ba. Kundin tsarin mulkin Muscogee na 1979 da na Choctaw na 1983 sun taƙaita zama ɗan ƙasa ga zuriyar waɗanda ke kashin jini, abin da ya bar jikokin 'yantattun bayi a waje, ba zaɓe, ba rabo a asibiti da tallafin karatu na ƙabila. Su ƙabilun suna cewa ikon tantance ɗan ƙasa nasu ne su kaɗai, jikokin bayin kuma suna cewa alƙawarin 1866 yana nan daram. A watan Yuli na 2025 kotun ƙolin Muscogee ta yanke hukunci cewa yarjejeniyar 1866 tana aiki, kuma zuriyar 'yantattun bayin Creek suna da haƙƙin zama 'yan ƙasa.

Wannan rajista an yi ta ne don a wargaza ƙabilun a raba ƙasarsu, amma yau ita ce suke riƙe da ita wajen sanin nasu. Wanda sunan kakansa ya faɗa kashin da ya dace ya huta, wanda aka sa nasa a wani kashi ko aka tsallake shi har gobe yana zarya tsakanin ofis da kotu.