Kalmomin ciwo: yadda ake auna raɗaɗin mai ciwon daji

Babu na'urar da ke auna ciwo, don haka likita kan dogara da kalmomin majinyaci. A 1975 Ronald Melzack na Jami'ar McGill da ke Kanada ya fitar da jerin kalmomi 78 domin wannan aiki. Na Faransanci, mai suna QDSA, ya biyo baya a 1984.

Kowace kalma da abin da take nunawa. Zogi mai zurfi a wuri guda kan fito daga ƙashi, murɗa kuma daga hanji. Ƙuna, tsira kamar allura ko fizgar lantarki alamu ne na jijiyar da ƙari ya danne, kuma irin wannan ba ya cika jin mofin shi kaɗai. Akan haɗa da amitriptyline ko gabapentin.

A Tignère, babban birnin Faro-et-Déo a yankin Adamawa, majinyaci kan yi bayani da Hausa ko Fulatanci, a rubuta da Faransanci kafin a tura shi Ngaoundéré ko Garoua. Idan mai fassara ya dunƙule komai a "douleur", bambancin ya ɓace. "Da sauƙi" kuwa sau da yawa ladabi ne kawai, shi ya sa ake ƙara neman ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10.