Daga 911 zuwa motoci masu kwamfuta: jigilar tumatir a Bunkure

Kafin ruwan Tiga ya iso gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, aikin mota a wajenmu bai wuce dakon gyaɗa da kai mutane cin kasuwa ba. Da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya kankama, tumatir ya fi ƙarfin cikin Kano. Sai neman motar da za ta kai shi Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, kafin ya ruɓe.

Mercedes 911 mai bodin katako ce ta ɗauki wannan nauyi. Ana jera kwanduna, a gitta katako, a sake jera wani hawa. Sitiyarinta sai mai ƙwanji, ba ta da gudu, ga zafin inji yana dukan ƙafar direba. Amma mu da muka taso a gareji mun san dalilin da ya sa ake ƙaunarta. In iska ta shiga fanfon mai a tsakiyar daji, yaron mota zai kwance nozul, ya yi ta famfo da hannu har gas ya fito, a tashi. In sifirin ya karye, a ɗaure da itace da igiya, a lallaɓa zuwa gari. Kayan gyara ma ba su yi wuya ba, don a 1980 aka buɗe masana'antar harhaɗa manyan motocin Mercedes a Enugu, kamar yadda Peugeot ta fara a Kaduna a 1975. Akori-kurar 404 da 504 su ke kwaso kaya daga gona zuwa kasuwar Kwanar Gafan.

Daga baya J5 da Kanta suka shigo, sai DAF, sai motocin Sin.

Ba na raina sababbin. Sun fi sauri, birkinsu ya fi ci, kuma a harkar tumatir kwana guda da aka rage a hanya kuɗin manomi ne. Abin da ke damuna shi ne gyara ya bar hannunmu. Mota mai kwamfuta in ta kunna jar wuta ta tsaya, bakanike mai shekara 30 a sana'a sai ya tsaya kallo, a kira mai na'ura daga Kano, kaya kuwa na tsiyaya a rana. Yaranmu na gareji suna buƙatar a koya musu wannan na'ura a nan Bunkure, tun masu koya musu saurarar inji da kunne suna raye.