Faifan garmaho da waƙoƙin farin wata: me aka ɗauka, me aka bari?

Muryar ɗan Adam mafi daɗewa da ake iya saurare a yau waƙar wata ce. Ranar 9 ga Afrilu 1860 wani Bafaranshe, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya rera "Au clair de la lune", wadda yawancinmu muka koya a lakkwal, cikin wata na'ura mai zana motsin sauti kan takarda mai baƙin hayaƙi. Shi kansa bai taɓa jin abin da ya ɗauka ba. Sai a 2008 masu bincike a Amurka suka mayar da zanen nan murya.

Faifai ya zo daga baya. Emile Berliner ya yi rajistar garmaho a 1887, kuma kafin ƙarshen ƙarnin aka koma yin faifai da shelak, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa jikin itatuwa a Indiya. Faifan yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowane gefe bai ɗaukar fiye da kimanin minti 3, allurar ƙarfe kuwa so ake a sake ta bayan kowace waƙa. In ya faɗi ƙasa, sai dai haƙuri. Turawa sun cika irin waɗannan fayafayai da waƙoƙin wata, kamar "Blue Moon" ta 1934 da "Moonlight Serenade" ta Glenn Miller a 1939, kuma har gobe akwai masu bin kasuwanni suna tara su.

To, mu fa? Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Amma a Landan aka yi aikin, da ƴan Afirka mazauna can, sannan aka ɗoro fayafayan a jirgin ruwa don a sayar a biranen gaɓar teku. Kamfani riba yake nema. Mai sayen garmaho shi ne ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai albashi, kuma abin da zai saya shi ake ɗauka. Ƴan matan da ke gaɗa a dandalin Matankari ko Tibiri daren sha huɗu ga wata ba su cikin wannan lissafi.

Alhali a Arewa wata shi ne fitilar waƙa. In ya yi fari ake fita dandali. Cikin azumi ake tashe. In ya yi husufi yara su ɗauki gwangwanaye suna kaɗawa suna roƙon rana ta sake shi. Tauraruwar nan mai haske ma aure muka ɗaura masu, muka ce Zara matar wata. Duk wannan a baki ya zauna, daga ya zuwa ƙanwa. Ko da Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar yana ɗaukar kiɗa a farkon shekarun 1960, zamanin shelak ya wuce, faifan roba ya fara karɓe wurinsa tun daga 1948.

Ga mai nazarin harshe asarar ta fi ta waƙa. A rubuce "farin wata" ne, a bakin kakanninmu "hwarin wata". Haka kuma "wata" na sama da "wata" ta cikin "wata yarinya" haruffansu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su. Takarda ba ta nuna wannan, murya kaɗai ke riƙe shi. Kun ga ke nan minti 3 na muryar tsohuwa ya fi shafi goma amfani ga wanda zai yi nazarin Arewanci nan da shekara 50.

Saboda haka tarin namu iri biyu ne. In kun ci karo da tsohon faifai cikin akwatin wani kaka, kada ku bar shi a rana, kada ku goge shi da alkol don narkar da shelak yake yi. Ku aje shi tsaye, ku ɗauki hoton tambarin da lambar da ke jiki, don ta nan ake gano kamfani da lokacin bugu. Na biyun ya fi gaggawa: tsofaffin matan da suka yi gaɗa kafin kaset da salula su cinye dandali suna nan, amma raguwa suke. Ku nemi izninsu, ku ɗauki muryarsu da waya, ku rubuta sunan gari da shekara. A Yamai akwai IRSH da CELHTO, waɗanda adana irin wannan kaya yana cikin aikinsu.

Takardar Scott ta jira shekara 148 kafin a ji ta, amma ta jira ne don akwai wanda ya ɗauka, akwai kuma wanda ya aje. Hutu na tafe, kowa zai koma garinsu da waya a aljihu.