Ƙudan Tsando Da Kafuwar Takalafiya

Lokacin da muke makaranta, tarihi a wurinmu shi ne sunayen sarakuna da shekarun yaƙi. Ƙuda kuwa, sai a darasin kimiyya. Ban san akwai inda suka haɗu ba sai da na ci karo da labarin Anchau, wadda ke Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna a yau.

A shekarun 1930 cutar barci ta yi wa Lardin Zazzau mugun kamu. Likita yakan duba jini ya ba da magani, amma me ya sa cutar ta tashi a daidai wannan lokaci, alhali tsando ya daɗe a ƙasar? Dokta A. J. Duggan, wanda ya bi diddigin tarihinta a 1962, da John Ford a littafinsa na 1971, sun nemi amsar a wajen asibiti. Kafin zuwan Turawa, tsoron hari yakan tara mutane cikin ganuwa, gonakinsu kuma su cinye dajin da ke kewaye. Da hari ya ƙare, sai jama'a suka bazu ƙananan ƙauyuka a bakin rafi, inda inuwar kurmi take, wato gidan tsando ke nan. Ga kuma jirgin ƙasa da haƙar kuza suna kai masu cutar gari gari. Abin mamaki, zaman lafiya da kansa ya buɗe wa annoba ƙofa.

A 1937 aka fara aikin Anchau. Jagoransa, T. A. M. Nash, masanin ƙwari ne. Ya lissafa cewa sai an sami kamar mutum 70 a kowace murabba'in mil kafin su iya hana kurmi dawowa. Don haka aka sare itatuwan bakin rafuka, aka tattara ƙauyuka, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka kafa sabon gari kusa da tsohon, aka sa masa suna Takalafiya.

Ni dai abin da ke damuna shi ne mafi yawan labarin daga takardun Turawa ya fito. Manomin da aka tayar daga gidan kakansa, aka kuma ɗora masa saran rafi kowace shekara, da wuya a ji bakinsa a ciki. 'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da suka fito daga wajen Kubau da Ikara, a daure a zauna da dattawa a rubuto wa wannan mujalla abin da iyayensu suka gaya musu.