Hannun Maƙeri a Tarihin Bindigar Lee-Enfield

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Ingila ya sami kansa da ƙarancin bindigogin harbin nesa. Babu lokacin ƙirƙiro sabuwa, sai aka waiwayi Lee-Enfield No. 4, bindiga mai sakata wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi.

Bindigogi dubu za su fito daga masana'anta ɗaya, amma saitinsu ba ya zama ɗaya. Saboda haka a wurin gwaji ake ware waɗanda harsasansu suka fi taruwa wuri guda. Daga shekara ta 1942 aka riƙa aika zaɓaɓɓun nan zuwa gidan Holland & Holland da ke Landan, tsohon gidan maƙeran bindigar farauta wanda asalinsa ya kai 1835.

Aikin maƙeran na haƙuri ne. Sukan duba zaman ƙarfe a cikin katako, domin in ƙota ta danne bututu ta gefe ɗaya, girgizar bututun kan sauya daga harbi zuwa harbi, harsashi ya kauce. Sukan ɗaura ƴan ƙarafa biyu a gefen hagu, su gyara su har madubin hangen nesa mai lamba 32 ya yi daidai da ramin bututu. Sukan ƙara katakon ɗora kumatu, don idon maharbi ya riƙa komawa wuri ɗaya. Daga ƙarshe a buga lambar madubin a jikin ƙota, kowace bindiga da madubinta. Sama da 20,000 suka bi ta hannunsu.

Aikin ya yi ƙarko. A 1970 aka sake wa kimanin 1,000 daga cikinsu bututu mai kauri, aka rage katakon gaba, suka zama L42A1, har suka je yaƙin Falkland a 1982.

Sai dai katako yana kumbura da laima, yana ƙanƙancewa da rani, saiti kuwa ya bi shi. Kamfanin Accuracy International, wanda zakaran harbi Malcolm Cooper yana cikin waɗanda suka kafa shi a 1978, ya zaunar da ƙarfen bindiga a kan ƙashin alminiyam. Da bindigarsa L96 ta gaji L42A1 a shekarun 1980, aikin sassaƙa ƙota da hannu ya bar ma'ajiyar soja, ya koma wa mafarauta da ƴan gasar harbi.