Filin Jirgin da Aka Rusa a Shikago, da Rikicin Taswirori Biyu

A daren 30 ga Maris 2003, Magajin Garin Shikago, Richard M. Daley, ya tura motocin rusau suka tsattsage titin saukar jirage na filin Meigs. Kafin wayewar gari filin ya daina aiki. Sai dai a cikin kwamfutocin masu wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama yana nan daram, domin daga nan ne Microsoft Flight Simulator ya saba fara tashi tun fitowarsa a 1982. Wannan saɓani tsakanin abin da ke ƙasa da abin da ke cikin wasa shi ne tushen matsalar da har yau take damun duk wanda ya ƙara sabon filin jirgi a wasansa, sannan ya buɗe manhajar tsara hanya bai gan shi ba.

Bruce Artwick, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya gina duniyarsa ne yanki-yanki. A 1990 aka fitar da Aircraft & Scenery Designer, wanda ya bai wa masu wasa damar zana filayensu da kansu. Daga baya fayilolin BGL suka zama ma'ajiyar titunan sauka, gine-gine da na'urorin jagora. Ana jera su hawa-hawa a wani fayil mai suna scenery.cfg, na sama ya danne na ƙasa. Idan jerin ya hargitse, sai tsohon fili ya leƙo ta ƙarƙashin sabo.

Ainihin harkar sufurin sama kuwa tana bin wani agogo daban. A tsarin AIRAC na hukumar ICAO, ana sabunta bayanan hanyoyi duk bayan kwana 28. Kamfanoni irin su Navigraph suna sayar wa masu wasa waɗannan bayanai. Filin da aka ƙara hoto ne na wani lokaci da ya daskare, bayanan AIRAC kuma labarin yau ne.

Hong Kong ta nuna yadda biyun ke karo. Da aka rufe filin Kai Tak a Yulin 1998, lambarsa VHHH ta koma sabon filin Chek Lap Kok. Masu sake gina Kai Tak a wasa sai suka koma amfani da VHHX. Wanda bai san wannan ba zai tsara sauka a wani tsibiri, yana zaton tsakiyar Kowloon ya nufa.

Saboda haka manhajoji irin su Little Navmap, wadda Alexander Barthel ya rubuta, ba sa duba wasan kai tsaye. Suna karanta fayilolinsa ne su gina nasu rumbun bayanai, kuma sai an umarce su da sake lodi bayan kowane ƙari. Suna kuma barin mai wasa ya zaɓi wanda zai gaskata, fayilolin wasan ko bayanan AIRAC. Wanda ya zaɓi na biyu kacokan, filin da aka rufe zai ɓace masa daga taswira.

A 2022, lokacin bikin cika shekara 40 na wasan, Microsoft ta dawo da Meigs. A Shikago kuwa, wurin ya zama lambun shaƙatawa na Northerly Island.